Kafireta ko Injekta: Zaɓen Inji ga Mai Sayen Sabon Jirgin Ruwa

Wannan faɗakarwa ta shafi masu sufurin ruwa da masunta da duk wanda ke da niyyar zuba jarinsa a kan jirgin ruwa mai inji, ko a kogin Kwara ne ta wajen Yawuri da Gaya da Yamai, ko a Binuwai ta wajen Ibi da Numan da Garwa, ko a tafkin Chadi, ko kuwa a tafkin Volta na Ghana, inda Hausawa suka daɗe suna fataucin kifi a garuruwa irin su Yeji. Batun kuwa shi ne yadda mai saye zai tantance tsakanin injin da ke aiki da kafireta da wanda ke aiki da injekta, domin a mafi yawan lokuta kuɗin inji ya fi kuɗin gangar jikin kwale-kwalen kansa, kuma shi ne zai ci gaba da cin kuɗi kullum har ranar da za a rabu da shi.

Kafin a kai ga zaɓe, wajibi ne a fahimci aikin da waɗannan na'urori biyu suke yi, wanda a haƙiƙa aiki ɗaya ne. Fetur ba ya kamawa yadda ya kamata a cikin inji sai an warwatsa shi ya zama kamar hazo, an kuma gauraya shi da iska bisa wani ma'auni, wanda masana suka ƙididdige da cewa kashi 14.7 na iska ne ga kashi 1 na fetur, idan da nauyi aka auna. Ma'anar wannan ita ce kowace litar fetur tana buƙatar kimanin lita 9,000 ta iska kafin ta ƙone ƙurmus. Idan fetur ya yi yawa a cikin haɗin, sai inji ya riƙa hayaƙi, fulogi ya yi baƙi, mai ya tafi a banza. Idan kuma iska ce ta rinjaya, sai inji ya ɗauki zafi, ƙarfinsa ya ragu, wani lokaci ma fistin ya ƙone. Saboda haka duk muhawarar kafireta da injekta ta tattara ne a kan tambaya guda, wato wacce ce ta fi iya riƙe wannan ma'auni a kowane hali, da sanyin asuba da zafin rana, da lodi da babu lodi, kuma me ake biya kafin a sami hakan.

Kafireta ita ce tsohuwar dabara, kuma ba ta buƙatar wutar lantarki ko kaɗan. A cikinta akwai wani maƙogwaro da ya tsuke a tsakiya, wanda ake kira da sunan wani masanin Italiya, Venturi. Idan fistin ya zuƙo iska ta wannan maƙogwaro, sai gudun iskar ya ƙaru a wurin da ya tsuke, matsinta ya ragu, wannan raguwar kuma ita ke janyo fetur daga wani ɗan kwano da ke ƙasa ta cikin wata ƙaramar ƙofa da makanikai ke kira jet. Wanda ya san tsohon famfon fesa maganin sauro na gwangwani ya riga ya ga wannan dabara da idonsa, domin iskar da ake turawa ta saman bututu ita ke ɗago maganin ta watsa shi. A cikin kwanon akwai wata 'yar balan-balan mai yawo a kan fetur, wadda ke tura wata allura ta toshe hanyar mai idan kwano ya cika, ta buɗe idan ya ragu. Akwai kuma cok, wato wani murfi da ake ja da hannu a rage iska lokacin da inji ya kwana ya yi sanyi, don haɗin ya yi kauri ya kama da wuri. Iyakar kayan ke nan, kuma da sukudireba da ɗan tsumma da kwanon fetur makanike zai warware su a bakin ruwa, ya wanke, ya mayar, cikin abin da bai kai awa guda ba.

Rauninta yana tattare da sauƙinta. Faɗin ƙofar jet ba ya canzawa, don haka kafireta ba ta san ko gari ya yi zafi ba, ba ta san ko jirgi ya ɗauki buhunan gero arba'in ko fanko yake tafiya ba. Abin da aka saita ta a kai shi take bayarwa, kuma masu ƙera ta sukan saita ta ta ɗan zarce da mai, saboda yawan mai ɓarna kawai yake jawowa, ƙarancinsa kuwa yana iya kashe inji. Haka nan idan aka ajiye inji makonni ba a tayar ba, kamar yadda yakan faru lokacin da ruwa ya janye ko aka dakatar da su, fetur ɗin da ya rage a kwano yakan bushe ya bar wani danƙo mai launin ƙasa-ƙasa da ke toshe ƙananan ƙofofin. Manyan injuna masu silinda uku kuma sukan zo da kafireta uku, waɗanda dole a daidaita su su riƙa buɗewa tare, in ba haka ba inji ya riƙa rawa yana tari.

Injekta kuwa tana tafiya ne bisa wani tsari dabam. A nan famfo mai aiki da lantarki ne ke matsa fetur da ƙarfin da ya kai kusan ninki uku na matsin iskar da ake shaƙa, ya tura shi zuwa wasu ƙananan bakuna, waɗanda su ne ainihin injekta, kowanne da ƙofofin da suka yi kusa da siririn gashi. Bakin ba ya buɗewa sai da umarnin wata ƙaramar kwamfuta, wadda ake kira ƙwaƙwalwar inji, ita kuma tana karɓar labari daga wasu na'urorin ji da ake kira sensa: ɗaya tana auna zafin inji, ɗaya zafin iska da matsinta, ɗaya tana lura da yadda matuƙi ya murɗa totur, wata kuma tana ƙirga juyin inji. Daga waɗannan bayanai ƙwaƙwalwar ke lissafa tsawon lokacin da kowane baki zai buɗe, lokacin da ake aunawa da kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa, kuma tana maimaita lissafin a kowane juyi. Sakamakon haka inji yana tashi da bugu ɗaya ko biyu ba tare da cok ba, yana tsayawa daram idan an rage wuta, yana amsa totur ba tare da shaƙewa ba, kuma ba ya shan man da aikin bai buƙata ba. Galibinsu kuma idan suka ji zafi ya wuce kima, ko baƙin mai ya yi ƙasa, sukan yi ƙara su rage gudu da kansu don kada inji ya lalace, su kuma adana bayanin matsalar a ƙwaƙwalwa har zuwa lokacin da makanike zai jona kwamfutarsa ya karanta.

A wannan gaɓa ce ake yawan samun ruɗani, kuma ruɗanin yana jawo asara. Mutane da yawa sun ɗauka cewa duk bambancin shan mai da ake gani tsakanin tsohon inji mai hayaƙi da sabon inji mai shiru daga injekta ya fito, alhali akwai wani rabe-rabe na biyu da ya fi wannan tasiri, wato bambancin inji mai bugu biyu da mai bugu huɗu. Inji mai bugu huɗu yana raba aikinsa gida huɗu: fistin ya sauka ya zuƙo haɗin mai da iska, ya hau ya matse shi, wuta ta kama ta turo shi ƙasa, sannan ya sake hawa ya kori hayaƙi, kuma akwai bawul da ke buɗe kowace ƙofa a lokacinta ya rufe ta a lokacinta. Mai bugu biyu kuwa yana gama wannan duka a hawa ɗaya da sauka ɗaya, ba shi da bawul irin wancan, sai wasu tagogi a jikin silinda da fistin ke buɗewa yana rufewa, kuma akwai ɗan lokacin da tagar shigowar mai da tagar fitar hayaƙi suke buɗe tare. A wannan ɗan lokacin, wani kaso na sabon fetur yana bin hayaƙi ya fice ba tare da ya ƙone ba, kuma hukumomin kare muhalli na Amurka sun kiyasta cewa abin da ke zubewa ta wannan hanya yana iya kaiwa kashi 25 zuwa 30 cikin ɗari. Shi ne wannan ƙyallin mai launin bakan gizo da ake gani yana bin bayan jirgi a kan ruwa. Irin wannan inji ne ake zuba wa baƙin mai a cikin fetur, yawanci bisa ma'aunin 50 da 1, wato rabin litar baƙin mai ga jarka mai lita 25, kuma shi ne tsarin ƙaramin janareton da ake gani a shaguna da gidaje.

Idan aka haɗa rabe-raben nan biyu, za a ga cewa injunan da ke gaban mai saye iri huɗu ne. Akwai mai bugu biyu da kafireta, wanda shi ne ya cika kogunan Afirka ta Yamma, musamman samfurin Enduro na kamfanin Yamaha mai ƙarfin doki 15 da 40 da 75, wanda aka ƙera shi tun asali don masu aikin ƙarfi a wuraren da mai ba shi da tsabta kuma gareji yake da nisa. Akwai mai bugu huɗu da kafireta, wanda ya fi yawa a ƙananan injuna, kuma tuni ya toshe waccan ɓarakar ta zubar da ɗanyen fetur ko da yake ba shi da kwamfuta. Akwai mai bugu huɗu da injekta, wanda shi ne ya mamaye kasuwannin Turai da Amurka da Japan a yau. Sai na huɗu, mai bugu biyu da ke fesa mai kai tsaye cikin silinda bayan tagar hayaƙi ta rufe. Babban tsallen rage shan mai yana tsakanin na farko ne da sauran ukun. Abin da injekta ke ƙarawa a kan mai bugu huɗu mai kafireta ya fi karkata ga sauƙin tashi, da daidaiton gudu, da kariyar inji, tare da wani ragin mai wanda bai kai na farkon girma ba. Dillalin da ya ce injekta kaɗai ce ke rage shan mai bai faɗi dukan gaskiya ba.

Tarihin yadda kasuwa ta juya yana da amfani ga mai saye, domin yana bayyana dalilin da ya sa wasu injuna suka ɓace a wasu ƙasashe suna nan daram a wasu. Injin da ake rataya wa a bayan jirgi ya yaɗu ne daga aikin Ole Evinrude a Amurka wajajen 1909, kuma kusan shekara tamanin mai bugu biyu da kafireta ne ke sarauta, duk da cewa kamfanin Honda ya fito da mai bugu huɗu tun 1964. Abin da ya karya wannan sarauta doka ce, ba ƙorafin matuƙa ba. A 1996 hukumar kare muhalli ta Amurka ta kafa ƙa'idar da ta tilasta wa kamfanoni rage gurɓataccen hayaƙin injunan ruwa da kashi 75 cikin ɗari, a hankali daga 1998 zuwa 2006, sannan a 1999 aka hana shiga tafkin Tahoe, wanda ke kan iyakar jihohin Kalifoniya da Nebada, da mafi yawan injuna masu bugu biyu da kafireta. Tarayyar Turai ma ta bi sahu da nata ƙa'idojin a kan jiragen shaƙatawa. Kamfanoni suka shiga tsere: Mercury ya fito da OptiMax bisa fasahar wani kamfanin Ostireliya mai suna Orbital, Suzuki ya fito da mai bugu huɗu da injekta a 1997, shi kuwa OMC, mai Evinrude da Johnson, ya rungumi wata fasahar fesa mai da ake kira Ficht, wadda ta zo da matsaloli a farkon fitowarta, kuma kamfanin ya durƙushe a watan Disamba na 2000. Bombardier na Kanada ya saye sunayen a 2001, ya fito da E-TEC a 2003, inji mai kyau da ya sami yabo, amma a watan Mayu na 2020 aka daina ƙera Evinrude gaba ɗaya. Darasin da ke cikin wannan ga mai saye a bakin Kwara ko tafkin Chadi shi ne ya yi hattara da rukuni na huɗu, wato irin su OptiMax da Ficht da E-TEC, musamman na hannu da ake shigowa da su daga Turai da araha, domin injin da aka daina ƙerawa kayan gyaransa sai ƙara wuya suke yi kowace shekara, kuma irin baƙin man da yake buƙata ba a kowace kasuwa ake samunsa ba.

Abin lura kuma shi ne waɗancan dokoki an yi su ne don jiragen da masu hali ke fita shaƙatawa da su a ƙarshen mako, a ƙasashen da fetur ke fitowa daga famfo a tace, kuma wakilin kamfani yana kusa. Jirgin da ke ɗauko 'yan kasuwa da dabbobi da babura daga ƙauyukan tafkin Kainji zuwa kasuwar Yawuri yana rayuwa ne a wata duniya dabam, don haka shawarar da ta dace da wancan ba lallai ta dace da wannan ba sai an auna ta da abubuwa uku: man da za a zuba, hannun da zai gyara, da yawan awannin da inji zai yi yana aiki.

Batun mai shi ne kan gaba. A yawancin garuruwan bakin ruwa babu gidan mai, daga hannun 'yan bumburutu ake saye, a jarkoki da durom da suka sha rana da ƙura, wasu sun yi tsatsa a ciki, wasu raɓa ta taru a gindinsu, ban da wanda aka gauraya da kananzir da gangan. Ko man da ya bi hanyar hukuma ma ba ya rasa matsala, kamar yadda aka gani a watan Fabrairu na 2022, lokacin da hukumomin Nijeriya suka tabbatar an shigo da fetur mai yawan sinadarin methanol, wanda ya lalata motoci ya kuma haddasa dogayen layuka. Kafireta tana da haƙuri da irin wannan mai: idan ruwa ya shiga, ƙasan kwano yake kwantawa domin ya fi fetur nauyi, kuma akwai wani ɗan noti a gindin kwanon da matuƙi zai kwance ya zubar, ya ɗaure, ya ja igiya ya ci gaba da tafiya. Injekta ba ta da wannan haƙurin. Ƙwayar yashi guda tana iya toshe bakinta, ruwa yana sa famfon lantarki tsatsa, kuma idan ɗayansu ya lalace ba a gyara shi a tsakiyar kogi, sai dai a canza. Wannan bai zama dalilin guje mata ba, amma ya zama sharaɗi: duk wanda zai sayi inji mai injekta dole ya sa masa matata ta musamman tsakanin tanki da inji, mai tace datti har zuwa maikiron 10, wato kashi ɗaya cikin ɗari na milimita, mai kuma raba ruwa da fetur, wadda ke da kofin gilashi a ƙasa da ake gani ta cikinsa. Matuƙi mai lura yakan duba kofin nan kowace safiya, ya ga layin da ya raba ruwa a ƙasa da fetur a sama, ya murɗa ya zubar kafin ya tayar da inji, ya kuma ajiye matata ta biyu a cikin jirgi. Kuɗinta ƙalilan ne idan aka kwatanta da kuɗin famfo ɗaya.

Na biyu shi ne hannun gyara. Makaniken da ya iya babur da janareto zai iya kafiretar jirgi, kuma kayanta, tun daga allura har zuwa jet da roba, ana samunsu a manyan kasuwanni, na asali da na kwaikwayo. Mai injekta kuwa ba ya yawan lalacewa, wannan gaskiya ce da ya kamata a faɗa, amma ranar da ya tsaya yana buƙatar wanda ke da kwamfutar bincike da manhajar wannan kamfani takamaimai, domin ta wani kamfanin ba ta karanta ta wani. Idan irin wannan makanike yana Legas ko Fatakwal ko Akara, to kwanakin da jirgi zai yi a ɗaure, da kuɗin motar ɗaukar inji zuwa da dawowa, duk suna cikin farashin injin, ko da ba a rubuta su a rasiɗi ba. Mafi muni shi ne a bar wanda bai sani ba ya riƙa yanke wayoyi yana gwaji, domin kuskure ɗaya, kamar juya kan batir, yana iya ƙona ƙwaƙwalwar inji. A da ma ana ƙara da cewa mai injekta ba ya tashi sai da lafiyayyen batir, amma wannan hujja ta yi rauni a ƙananan injuna, domin kamfanoni irin su Tohatsu da Suzuki suna ƙera masu injekta da ake tayarwa da igiya ba tare da batir ba, inda jan igiyar kansa ke samar da wutar da famfo da ƙwaƙwalwa suke buƙata. A manyan injuna dai har yanzu batir wajibi ne.

Na uku, wanda shi ne ya canza lissafin a 'yan shekarun nan, shi ne farashin fetur. Kafin 29 ga Mayu, 2023, ranar da aka sanar da janye tallafin mai a Nijeriya, farashin hukuma na lita bai kai naira 200 ba, kuma a wancan farashi ɓarnar kashi ɗaya cikin huɗu abu ne da mai jirgi zai iya kawar da kai a kansa. Cikin 'yan kwanaki farashin ya kai wajen naira 500, a 2024 kuma ya haura 1,000 a wurare da dama, tasirinsa ya kuma tsallaka zuwa Nijar da Kamaru da Chadi, inda aka daɗe ana dogaro da man da ke ƙetara iyaka. Don a ga girman abin, a ɗauki misali kawai na jirgin haya da ke shan lita 16 a awa, yana aiki awa 5 a rana, wato lita 80, tare da fiye da lita ɗaya da rabi ta baƙin mai da ake haɗawa. Idan sabon inji ya rage kashi ɗaya cikin huɗu, an tsira da lita 20 a rana, lita 500 ke nan a kwanakin aiki 25, kuma mai jirgi zai iya ninka wannan da farashin garinsu ya raba bambancin kuɗin injunan biyu da shi, ya ga wata nawa za a ɗauka kafin tsadar ta biya kanta. Ga jirgin da ke aiki haka kullum, amsar takan fito da watanni. Ga masuncin da ke tayar da ƙaramin inji rabin awa da asuba ya je wurin komarsa, rabin awa da yamma ya dawo, amsar takan fito da shekaru, wataƙila ma fiye da rayuwar injin. Dole kuma a sa a lissafi cewa mai bugu huɗu yana da nasa kashe-kashen, domin ana juye masa baƙin mai da matatarsa bayan awa 20 na farko, sannan kowace awa 100, kuma wanda ya yi sakaci da wannan ya rusa duk ribar da ya tara.

Akwai kuma nauyi, wanda masu saye kan manta da shi sai an zo ɗaurawa. A ajin doki 40, mai bugu huɗu yakan fi mai bugu biyu da kilo 20 ko fiye, saboda bawul da sauran kayan da ke kansa da kwanon baƙin mai. Kwale-kwalen katako da aka sassaƙa bisa nauyin tsohon inji zai iya nutsar da gindi idan aka rataya masa sabo, ruwa ya riƙa shigowa ta baya idan an tsaya ko an ci karo da igiyar ruwa, don haka mai sayen sabon jirgi gara ya yanke shawarar inji kafin kafinta ya gama allon baya, a yi shi da kauri da tsayin da suka dace da ƙafar injin. A wuraren da ake cire inji kowane dare a kai gida saboda ɓarayi, wannan ƙarin nauyi aiki ne na kullum, kuma mai bugu huɗu ba a kwantar da shi ta kowane gefe, sai ta gefen da kamfani ya nuna, in ba haka ba baƙin mai ya malala cikin silinda.

Dangane da tsaron rai, kowane ɓangare yana da hujjarsa, kuma ba a raina ko ɗaya. Haɗurran da suka ci rayuka masu yawa, irin na Warra a jihar Kebbi a watan Mayu na 2021 da na Patigi a jihar Kwara a watan Yuni na 2023, an fi danganta su da lodin da ya wuce kima, da tsufan jirage, da kututturan da ke ɓoye a ruwa, da tafiyar dare, da rashin rigar ceto, kuma babu irin injin da zai magance waɗannan. Sai dai injin da ya mutu a tsakiyar ruwa mai ƙarfi, da jirgi cike da mutane, yana mayar da ƙaramar matsala babba, domin jirgin da ba shi da gudu ba ya jin linzami, ruwa ne ke juya shi ya ba igiya gefensa. Mai injekta ya fi wuyar mutuwa haka kawai, musamman lokacin da aka rage wuta za a matso gaɓa, wanda a nan ne mai kafireta ya fi yawan shaƙewa. Mai kafireta kuwa ya fi saurin farfaɗowa a hannun matuƙin da ya san shi. Wanda hanyarsa gajera ce kusa da gari ya fi cin moriyar na farko, wanda kuma ke kwana biyu a cikin tsibiran tafkin Chadi, inda babu mai jawo shi, yana da dalilin fifita abin da zai iya warwarewa da hannunsa, ko kuma ya ɗauki ƙaramin inji na biyu a matsayin madogara, abin da ya fi kowace muhawara amfani.

Bisa wannan, hukuncin da ya fi kusa da daidai shi ne cewa mai jirgin haya ko na hukuma ko na asibiti, wanda ke aiki awanni da yawa kullum, yake iya samun tataccen mai, kuma akwai wakilin kamfani da zai iya kaiwa gare shi cikin yini guda, ya fi dacewa da mai bugu huɗu da injekta, kuma ci gaba da zuba kuɗi a tsohon tsari a farashin mai na yanzu asara ce da ake yi a hankali. Wanda aikinsa kaɗan ne, ko yake nesa da gari, ko jarinsa bai kai ba, mai kafireta bai zama koma-baya gare shi ba, kuma idan ƙaramin inji yake nema, mai bugu huɗu da kafireta matsakaici ne da ya cancanci a duba shi, domin ya haɗa ragin mai da sauƙin gyara.

Kowanne aka zaɓa, akwai abubuwan da ake tabbatarwa kafin kuɗi su bar hannu. Mai saye ya nemi a nuna masa lambar inji a jikin ƙarfen da ke riƙe shi, ya gwada ta da wadda ke cikin takardar garanti, domin ana sayar da na kwaikwayo da tsofaffin da aka yi wa sabon fenti da sunan sababbi. Ya tambayi dillali sunan garin da makanikensu yake, da farashin famfon mai da injekta ɗaya da robar famfon ruwa, da kwanakin da ake ɗauka kafin su iso, ya kuma sa a rubuta masa. Idan na hannu ne mai injekta, a jona kwamfuta a gabansa a karanta yawan awannin da injin ya yi da tarihin zafin da ya taɓa ɗauka, domin ƙwaƙwalwar tana adana su. Idan mai kafireta ne, a auna matsin kowace silinda a ga ko sun yi kusa da juna. Sannan a gwada injin a kan ruwa da irin lodin da zai riƙa ɗauka, a duba ko juyinsa ya kai adadin da kamfani ya rubuta idan an murɗe totur duka, domin idan bai kai ba, farfelar ta yi masa girma, kuma sai an canza ta da wadda ta dace kafin a fara aiki.